Gorar Awo

Ranar da kamfani ya naɗe tabarmarsa a Yawuri
ya bar mana makulli uku, da littafi mai baƙin bango,
da injin yashe guda, mai tarin tsohon mashayin taba.
Aka ce mashigin jirage ya zama namu.
Mata suka rangaɗa guɗa har kwaɗi suka yi shiru.

Ni gora aka ba ni.
Kamu goma sha biyu, da tsaga a kowane kamu.
Da asuba in tura kwalekwale tsakiyar ruwa,
in caka ta ƙasa, in ji abin da laka za ta faɗa.
Ita laka ba wanda ya gaya mata an yi biki.

Shekarar farko kuɗi suka zo kamar ambaliya.
Jirgin albasa ya biya, na shinkafa ya biya,
mai bandar kifi daga gungu ya biya yana ƙunƙuni,
har mai shanu biyu da babur ɗaure a kan rufi.
Nomau mai littafi sai da ya ƙaro alƙalami.
A taro Arzika ya miƙe ya ce a raba gida-gida,
wanda ya daɗe yana shaƙar ƙamshi ya ɗanɗana romo.
Na ce, jama'a, kamu tara ne bana, bara goma na auna.
Aka kwashe da dariya.
Wani ya ce, Gado, kai da gorarka sai makaho da sanda.

Aka raba.
Ni ma na karɓa, ba zan ɓoye ba,
na yi wa ɗakin Kulu rufin kwano.

Rani ya zo, ruwa ya ja da baya
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Jirgin Ɗanjimma, buhu ɗari uku,
ya zauna daram a kan yashi daidai kwanar giginya.
Sha ɗaya suka jeru a bayansa, injuna a kashe.
Kwana huɗu.
Albasa da ta saba sa mutane hawaye
ta riƙa zubar da nata ta ƙasan buhu,
warin ya tsallaka har bakin kasuwa.

Da can muna da wanda za mu zaga.
Mukan zauna gindin tsamiya mu wanke baƙi tas,
mu tashi da sauƙin zuciya.
Yanzu na duba hagu, na duba dama,
kowa yana sanye da rabonsa,
ni kuma ina kwana a ƙarƙashin nawa.

Muka shiga ruwa da shebur, da daro, da ƙwarya.
Ladan bakanike ya kwana biyu a cikin injin nan,
ya fito baƙi ƙirin, haƙora kaɗai ke haske.
Da ya yi tarin farko
Arzika ne ya fara ihu, laka har gemu.

Tun daga nan, cikin kowace naira goma
uku na laka ne.
An rubuta a bangon rumfar karɓa da jan fenti,
Nomau yana karanta lissafi a fili duk ranar kasuwa.
Ba kowa ya ji daɗi ba.
Har yau akwai mai cewa kuɗi na nutsewa a ruwa,
akwai jirgin ɗan wane da ke son wucewa da dare,
kainuwa kuwa ba ta san hutu ba.

Jikata Hajo ke riƙe mini filafili yanzu.
Ɗazu ta ce, Kaka, yaushe za a gama gyaran?
Na miƙa mata gora.
Ta caka, ta jawo, ta ƙirga da ɗan yatsa.
Tara da rabi, in ji ta.
Na ce sake, kin karkata hannu.